Kwana Biyu A Atina

Shafi na 17

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu turo min saƙo kuna cewa na ajiye ku a Dokki na hana ku tashi, to ku gyara zama, yau da akwatunanmu muka fito.

*

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis Shafa'atu ta tura ƙofar falon Zulfa, a unguwar Dokki ta Alƙahira, da ƙafa. Hannu ɗaya riƙe da jakarta, ɗayan da ledar ta'amiyya mai zafi, ƙosan Masar ɗin nan, da ta tsaya saya a bakin layi.

Babu wadda ta amsa sallamarta, don babu wadda ta ji.

Falon ya koma kasuwa. Riguna a kan kujera, takalma a kan tebur. Comfort na tsaye a kan sikelin banɗaki ta rungume akwati kamar jaririya, Zulfa durƙushe a gabanta tana karanta lamba.

"Tamanin da tara," in ji Zulfa.

"Cire nauyina."

"Nawa ne nauyin naki?"

"Sittin."

"Comfort, ki ji tsoron Allah."

"To, sittin da takwas. Amma kar maganar ta fita daga falon nan."

Shafa'atu ta jingina da ƙofa tana dariya har ledar ta kusa suɓuce mata.

Sama da shekara su huɗu, har da ƙawarsu Samah, suna cewa za su je Turai hutun ƙarshen mako. A sa rana, a ɗaga. In Zulfa ta shirya, mijinta Rabi'u na da baƙi a ofishin jakadancin Najeriya. In Comfort ta samu ta bar teburinta na sakatariya a ofishin, asibitin da Shafa'atu take aikin tafinta ya cika da masu zuwa jinya daga gida. Sai ga shi ranar Lahadi fasfo huɗu sun dawo, kowanne da bizarsa. Atina, babban birnin Girka. Tashi yau da la'asar, dawowa Asabar, Lahadi kowa a bakin aikinsa, don a Masar ranar aiki ce.

"Ke, 'yar Gusau," Comfort ta ce tana saukowa daga sikelin, "dariya kika zo yi ko taimako?"

"Kallo na zo yi. Mene ne wannan?"

Shafa'atu ta ɗago wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya daga saman akwatin.

"Turai fa za mu."

"A watan Mayu? Zafin da kike ji a nan shi za ki tarar a can. Awa biyu ce fa tafiyar."

"Ni dai Mamana a Kafanchan ta ce kar in taka Turai ba rigar sanyi. Ko hoto ne sai na yi da ita."

Zulfa ta miƙe tana dafa baya. Ita ce babbarsu, ita ce kuma ba ta iya zama sai ta ga komai a muhallinsa.

"Yalla, ku ci ku ƙarasa. Abban Husaina ya ce sha biyu daidai zai taso daga ofis ya kai mu. Husaina na makaranta, na bar ta a hannunsa har Asabar, Allah ya ba shi haƙuri. Ina Samah?"

Shafa'atu ta duba waya.

"Tun takwas ta ce min ta fito."

Abin ya ɗan tsaya mata a rai. Samah ba ta latti. Tun da yaƙi ya koro su daga Wad Madani ta Sudan ita da mahaifiyarta suka kama ɗan gida a Hadayek el-Maadi, kullum ita ce ta farko a bakin kantin maganin da take aiki. A can Shafa'atu ta fara ganinta, ranar da ta je saya wa wani tsoho magani tana yi masa bayani da Hausa, sai ta ji daga bayan kanta an ce, "Baba, bayan abinci, ba kafin ba." Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta masu tafiya Makka da ƙafa ne da suka yada zango a bakin Nilu. Daga ranar suka ƙulle.

Ƙararrawa ta yi ƙara.

Akwati ne ya fara shigowa. Baƙi, ƙato, an ɗaure tsakiyarsa da igiya. Sannan Samah a bayansa tana turowa, lulluɓe cikin laffaya ruwan zuma, tana haki.

"Ma'alish ya banat, ku yi haƙuri 'yan mata. Jirgin ƙasa na metro ne ya riƙe ni."

Duk suka zuba wa akwatin ido.

"Da wannan kika shiga metro?" in ji Zulfa.

"Samah," Comfort ta ce a hankali, "kwana biyu aka ce. Ba hijira ba."

"Kaya ne kawai."

"Ɗora shi a sikeli."

Sai da su biyu suka kama. Zulfa ta leƙa, ta goge ido, ta sake leƙawa.

"Talatin da ɗaya. Ashirin da uku suka yarda da shi. Buɗe mu rage."

"A'a."

"Kamar ya a'a?"

"Ba sai an buɗe ba, Anti Zulfa. Zan roƙe su a can."

Shafa'atu ta shaƙi iska. Ba akwatin take kallo ba. Tun shigowar Samah wani ƙamshi ya cika falon, mai nauyi, mai daɗi, irin na itace da ya kama fata. Ta san shi. Turaren tsugunno ne, wanda su Samah ke kira dukhan. Kuma Samah ɗin ce da bakinta ta taɓa ce mata a wajensu budurwa ba ta hawa kansa.

Ta sauke ido ƙasa. Safa. Baƙar safa mai kauri, cikin wannan zafin. Hannayen kuma tun ɗazu suna naɗe a cikin laffaya.

"Samah."

"Na'am."

"Miƙo min hannunki."

"Shafa, don Allah..."

"Miƙo."

Ba ta miƙo ba. Shafa'atu ta taka ta janyo hannun da kanta, ta yaye laffayar.

Lalle ne baƙi wuluk, ya rufe kan yatsu gaba ɗaya, zane ya haura har gwiwar hannu. Ba irin ɗan furen da suke yi da Sallah ba. Lallen matan aure.

"Jesus," in ji Comfort can ƙasa-ƙasa.

Shafa'atu ta saki hannun.

"Buɗe akwatin."

Wannan karon Samah ba ta yi musu ba. Ta durƙusa, ta kwance igiyar, ta zuge zif.

A sama farar jallabiya ce ta maza, an goge ta an ninke. Ƙarƙashinta wata. Rawani. Takalmin fata na maza irin na Sudan, ƙato, ko hannu biyu ba sa rufe shi. Sai kwalaben humra, garin kuɓewa, gasasshen kofi, busasshen nama cikin leda uku. Can ƙasa jar laffaya mai zaren gwal, irin wadda ake sa wa amarya.

Zulfa ta zauna daɓas a kan hannun kujera.

"Innalillahi. Samah, na wane ne?"

Samah ta sunkuyar da kai.

"Na Tarig ne."

"Waye Tarig?"

"Mijina."

Ledar ta'amiyyar da Comfort ta karɓa tana ci ta faɗi daga cinyarta.

Shafa'atu ta ja da baya. Muryarta ta fito a sanyaye, ita kanta ba ta gane ta ba.

"Mijinki."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku! Shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya. Babu abin da ban faɗa miki ba, har wanda ban faɗa wa Innata ba. Wata shida ina jan yayana Abdulhadi daga unguwar Darrasa zuwa kantinku, bawan Allah ya sayi maganin mura har ya rasa wanda zai ba. Kina kallona! Kina dariya!"

"Ban taɓa ba shi fuska ba, Shafa."

"Ni kika ba fuska! Me ya hana ki ce min ke matar aure ce?"

"Saboda ban san ko ni ɗin ce ba!"

Samah ce ta ɗaga murya, ita da ko a waya sai an ce ta maimaita. Hawaye ya gangaro mata, ta sa bayan hannu ta share, ta zauna a ƙasa kusa da akwatin.

"Ku bari in faɗa. In na gama ku yi min duk abin da kuka ga dama."

Zulfa ta miƙa mata ruwa. Ta kurɓa.

"Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tare muka taso. Shekara bakwai da suka wuce ya tafi neman aiki, ya dire a Atina, yana gyaran wutar jiragen ruwa a tasha. Da ya ga zama ya yi tsawo ya turo kawunsa Isam ya nemi aurena. Aka ɗaura da wakili. Shi yana can yana kallo ta waya, daidai ana shafa fatiha layi ya yanke. Sai da ya sake kira ya ce, an ɗaura ko ba a ɗaura ba?"

Comfort ta yi wata 'yar dariya, ta toshe baki.

"Aka ce in takardunsa suka fito zai zo a yi biki. Kafin su fito yaƙi ya zo. Muka bar gida da kayan jikinmu. Wannan jar laffayar kaɗai Yumma, mahaifiyata, ta cusa a jaka." Ta shafa ta. "Ni matarsa ce shekara uku, amma rabona da in gan shi ido da ido shekara bakwai. Ko hannuna bai taɓa riƙewa ba."

"Allah sarki," in ji Zulfa.

"Kin ji, Anti? Wannan Allah sarkin nake gudu. A benenmu kowa ya sani. In na wuce a matakala mata su yi shiru. Wata ta ce wa Yumma wanda ya shiga Turai ya shiga ke nan, a nemo mata wani. Wata ta ce tabbas ya ajiye Baturiya. Kullum tausayi, kullum shawara. Sai na haɗu da ku. A wajenku ni Samah ce kawai, mai kantin magani, mai cinye wa Comfort dankali. Na ce bari in samu wuri ɗaya a garin nan da ba a kallona da wannan idon."

Ta ɗago ta dubi Shafa'atu.

"Sau nawa na buɗe baki zan faɗa miki. Sai in ga kina dariya, in ce gobe."

Shafa'atu ta kawar da kai ta kalli taga. Fushin na nan, amma ya fara yi mata wuyar riƙewa.

Comfort ta tafa hannu.

"Tsaya! Shi ya sa kika hana ni ganin fom ɗinki na biza! Na cika wa kowa, ke kika ce za ki yi da kanki."

"Gaskiya na rubuta a ciki. Matar aure, miji a Atina, ga takardar aikina, zan dawo ga mahaifiyata. Sau biyu na nema ni kaɗai aka hana. Wannan karon ma ban sa rai ba, wallahi. Ranar Lahadi da na buɗe fasfo na ga kwana biyar, a banɗakin kanti na shiga na yi kuka."

"Kuma ke ce kika ce Roma cunkoso!" Zulfa ta nuna ta da yatsa. "Mu uku muka zaɓi Roma, kika zo da hotunan teku kina cewa Atina, Atina."

"Ni har na haddace sunayen tsoffin gine-gine," in ji Comfort. "Ashe ginin da za a je gani dogo ne mai lamba arba'in da biyar a ƙafa."

Ta ɗago takalmin ta jijjiga shi a sama.

Dariya ta ƙwace wa Shafa'atu ba shiri. Ta yi ƙoƙarin haɗiye ta, ta ƙi. Ta juyo, ta ga Samah na kallonta da jajayen idanu, rabi tsoro rabi roƙo. Sai kawai ta zube a ƙasa ta rungume ta.

"Muguwa. Wallahi ke muguwa ce."

"Ki yafe min, habibti."

"Ban yafe ba. Sai na ga angon da idona, in bai kai yayana kyau ba a jirgin za mu dawo da ke."

Zulfa ta miƙe tsaye, ta toshe hanci da yatsa biyu, ta rangaɗa guɗa. Irin ta Zazzau, doguwa, har sai da maƙwabciyarta 'yar Masar ta buɗe tagar kicin ta mayar mata da tasu ba tare da ta san dalili ba.

"Khalas, shi ke nan!" in ji Zulfa. "Yawon buɗe ido ya tashi. Kai amarya za mu yi."

"'Yan rakiya uku," Comfort ta ce tana rawa da takalmi a hannu, "har Turai! Wace amarya aka taɓa yi wa haka a danginku?"

Nan da nan falon ya sake hargitsewa. Comfort ta zaro rigar sanyin ta wurga bayan kujera.

"Mama ta yi haƙuri. Kawo kofin nan da kwalaben, akwai wuri."

Shafa'atu ta cire takalma biyu daga jakarta ta cusa jallabiya ɗaya da garin kuɓewa. Zulfa ta karɓi rawanin. Da aka zo kan busasshen naman Comfort ta dafe shi.

"Wannan ba zai shiga Turai ba. Ba sa barin nama, a kwandon shara zai ƙare."

"Yumma kwana huɗu ta yi tana shanya shi a baranda," in ji Samah kamar za ta yi kuka.

"To Yaya Rabi'u ya gode. Anti, ke ma fito da kilishin da kika ɓoye a cikin zani, na gani," in ji Comfort.

"Wane kilishi?"

"Anti Zulfa."

Zulfa ta fito da shi tana ƙunƙuni.

Aka sake ɗora akwatin. Ashirin da biyu da rabi. Suka yi ihu kamar sun ci gasa.

Shafa'atu na zuge jakarta wani tunani ya zo mata.

"To shi angon, a filin jirgi zai tarbe mu?"

Samah ta girgiza kai.

"Bai san zan zo ba."

"Me?"

"Sau biyu na sa masa rai. Karo na farko har fenti ya yi wa ɗakinsa. Da na kira na ce an hana, sai kawai ya ce ma'alish, Allah bai nufa ba. Muryar nan tasa ba na son in sake jin ta. Wannan karon sai dai ya ɗago kai ya gan ni. Ina da adireshin gidan, na san lokacin da yake tashi aiki. Ni da Yumma kaɗai muka sani."

"Mu ƙwanƙwasa ƙofa," in ji Comfort, idonta na ƙyalli, "mu uku a gaba, ke a baya cikin jar laffaya."

"In ya suma fa?" in ji Zulfa.

"Ga mai magani a tare da mu."

Sha biyu daidai Rabi'u ya yi hon a ƙasa. Yana loda akwatuna a but yana shaƙar iska.

"Maman Husaina, ku da za ku kallon gine-gine, ya nake jin ƙamshin gidan biki?"

Zulfa ta ba shi labarin a gurguje tun kafin su hau gada. Rabi'u ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya dubi Samah ta madubi.

"Ƙanwata, Allah ya sa albarka. Allah ya haɗa ku cikin alheri, ya sa wahalar ta ƙare ke nan. Ki gaya masa yana da yaya a Dokki, kuma ya zo da bayanin dalilin da ya sa ba a gayyace ni cin shinkafa ba."

"Amin, Yaya. Na gode."

A kan gada motoci sun cushe kamar kullum, hon ta ko'ina, ƙananan bas na haya na kutsawa inda ko keke ba zai wuce ba. Ba wanda ya damu. Comfort ta mayar da murfin kwano kalangu, Zulfa na bayar da waƙar rakiyar amarya ta garinsu, sauran na amshi. Wani direban tasi da ke gefe ya leƙo ya ce, "Mabruk!" Samah ta ja laffaya ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya.

Shafa'atu ta riƙe hannunta mai lallen. Sanyi ƙalau yake.

"Tsoro kike ji?"

"In ya gan ni ya ga na canja fa? Shekara bakwai, Shafa. A waya kowa kyakkyawa ne."

"In ya ga kin canja ya gode wa Allah. Na ga hotonki na da."

Samah ta kai mata duka a cinya.

A filin jirgi komai ya tafi sumul har suka iso layin buga fasfo. Zulfa ta wuce. Comfort ta wuce. Shafa'atu ta wuce, ta tsaya daga can gefe tana kallo. Jami'in ya karɓi fasfon Samah, ya buɗe, ya duba takardar zamanta, ya ɗago ya kalle ta, ya sake komawa shafin biza. Ya juya shafi gaba. Ya dawo baya.

Shafa'atu ta ji bakinta na karanta duk addu'ar da ta zo mata.

Tim!

Tambari ya sauka.

Samah ta fito tana tafiya kamar mai taka ƙwai, har ta iso wajensu. Suka tare ta su uku.

"Tamam? Komai daidai?" in ji Zulfa.

"Tamam," ta ce, tana dariya tana hawaye. "Na fita. Wallahi na fita."

Suka sayi shayi suka nufi ƙofar shiga jirginsu. Wajen zaman bango ɗaya duk gilashi ne, bayansa wani siririn lungu da masu sauka daga jirgi ke bi su gangara ƙasa, can gaba kuma fili. Comfort ta manna goshi a gilashin.

"Ga jirginmu can ya iso! Yanzu ya sauka daga Atina. Su fito mu shiga."

Ta dawo ta jera su don hoto. Sau huɗu ana ɗauka, kowane sai Zulfa ta ce ɗankwalinta ya karkace.

Suna cikin na biyar wayar Samah ta yi ƙara.

Ta duba, ta zaro ido.

"Shi ne."

"Kar ki ɗauka!" in ji Comfort. "Zai ji hayaniya ya gane."

"Bai taɓa kira a wannan lokacin ba. Yana wajen aiki. In wani abu ne ya same shi fa?"

"Ɗauka," in ji Shafa'atu. "Ki ce kina kasuwa."

Samah ta kara wayar a kunne. Shafa'atu ta matso har kansu na gogar juna.

"Salamu alaikum, ya Tarig."

Murya ta fito, mai kauri, tana rawa da dariyar da ake dannewa.

"Wa alaikis salam. Samah, kina tsaye ko kina zaune?"

"Ina... ina zaune. Lafiya?"

"Lafiya lau. Ki riƙe wani abu da kyau. Takarduna sun fito tun watan jiya. Ban faɗa miki ba, na ce sai na tabbata ba zan sake karya miki zuciya ba. Sun ba ni kwana uku a wajen aiki."

"Kwana uku na me?"

"Ki ce wa Yumma ta ɗora kofi. Yanzun nan na sauko daga jirgi. Ina Alƙahira, ya Samah."

Kofin shayin ya zame daga hannun Samah ya fashe a ƙasa.

Shafa'atu ta ɗago kai a hankali.

A bayan gilashin mutane sun fara fitowa, suna jan jakunkuna. Wata tsohuwa da sanda. Turawa biyu da huluna. Sai wani dogo baƙi cikin sabuwar shuɗiyar riga da ko alamar ninki ba ta bar ta ba, waya a kunne, ɗayan hannun rungume da furanni da suka sha matsi a jirgi. Yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

"Samah? Kin yi shiru. Kina ji na?"

Samah ta miƙe. Ta taka ɗaya, biyu, har ta isa jikin gilashin, ta ɗora tafinta mai lalle a kai.

Mutumin ya zo daidai wajen. Ya ɗan waiwayo kamar yadda kowa ke yi. Ya wuce taku biyu.

Ya tsaya cak.

Wanda ke bayansa ya yi karo da shi, bai ko ji ba. Ya dawo da baya. Furannin suka sauka ƙasa-ƙasa a hannunsa. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannun, ya dubi allon da ke saman kanta inda aka rubuta sunan garin da ya baro awa biyu da suka wuce.

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Da gilashi.

"Ya Allah," in ji Zulfa, hannu a ka. Comfort kuwa kuka take tana dariya, ta rasa wanne za ta bari.

Leɓensa ya motsa a can, muryar ta fito ta wayar a nan.

"Ina za ki, ya Samah?"

"Wajenka."

Lasifika ta ɗauka a sama, Larabci sannan Turanci. Fasinjojin Atina su kasance cikin shiri, nan da minti arba'in za a fara shiga.

A ɗaya gefen wani ma'aikaci ya iso, ya dafa kafaɗar Tarig yana nuna masa matakala. Lungun ya kusa zama fayau, shi kaɗai ya rage.

Samah ta juyo, fuskarta jiƙe.

"Shafa... an riga an buga min fita. Shi kuma in ya sauka ya shiga gari. Ya zan yi?"

Shafa'atu ta dubi jirgin. Ta dubi matakalar. Ta dubi teburin ma'aikatan jirgin da ke can ƙarshen zauren. Ta fizge wayar daga hannun Samah.

"Ango, sunana Shafa'atu, gaisuwa sai anjima. Ka saurare ni da kyau. Kar ka kuskura ka miƙa wa kowa fasfonka ya buga. Ko me za su ce maka, ka ce jira kake."

"Jiran me, 'yar'uwa?"

Shafa'atu ta cusa wa Samah wayar, ta karɓe fasfonta da tikiti, ta tuɓe takalmanta masu tsini ta watsa wa Comfort a cinya.

"Shafa! Ina za ki?" in ji Zulfa.

Shafa'atu ta tattare siket ta kwasa da gudu ta nufi teburin ma'aikatan jirgin.